Zarton Lantarki da Sauran Injinan Kafinta: Mu Yi Aiki Mu Koma Gida da Yatsunmu Goma



A ikkilisiyoyinmu na karkara aikin gini ba ya ƙarewa. A wani wuri ana sake rufin majami'ar da iska ta yaye, a wani wuri ana gina gidan fasto ko ajin makarantar Lahadi, a wani wuri kuma ana taimakon iyalan da suka koma garuruwansu bayan rikici ko ambaliya su sake sa ƙofa da taga. A dā da zarton hannu da guduma ake yin duk wannan. Yanzu injinan da ke aiki da wutar lantarki sun shigo ƙauyuka. Matasan da suka gama koyon sana'a suna dawowa da su, wasu ikkilisiyoyi suna saya da baikon masu bi, wasu kuma hayarsu suke yi tare da janareta.

Mun gode wa Allah domin waɗannan kayan aiki, gama suna rage wahala ƙwarai. Amma inji bai san bambancin katako da hannun mutum ba. Yawancin kafintocinmu manoma ne kuma. Wanda ya rasa yatsu a watan Afrilu ba zai riƙe fartanya a watan Yuni ba, matarsa da 'ya'yansa kuwa za su ga sakamakon a rumbu. Shi ya sa muka keɓe wannan shafi domin mu bayyana yadda injinan nan ke aiki, ta ina suke ji wa mutane rauni, da abin da ya rataya a wuyan mai aiki da kuma ikkilisiyar da ta sa shi aikin. Muna roƙo a karanta shi a taron dattawa da na zumuntar matasa, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ma su ji.

Zarton kwana da yadda yake aiki

Za mu fi ba da ƙarfi ga zarton da ake girkawa a kan tebur, mai zagayayyen faifai mai haƙora, wanda ake kama mariƙinsa a sauke shi daga sama a kan katako. Ana iya juya shi hagu ko dama ya yanka kwana, misali digiri 45 na haɗa firam ɗin taga, ko kwanar da ake bukata a bakin katakon rufi. Saboda haka za mu kira shi zarton kwana. Yana da shinge na ƙarfe a baya inda katako ke jingina, da murfin kariya wanda ke rufe faifan ya kuma buɗe da kansa sa'ad da ake saukewa, da ƙarfen matse katako. Wani irinsa yana da sanduna biyu waɗanda kan injin ke zamewa a kansu gaba da baya, domin yankan katako mai faɗi.

Faifan yakan zama inci 10 ko 12, yana kuma juyawa kamar sau 4,000 zuwa 5,000 a minti ɗaya. Bari mu yi lissafi. Idan faifai mai haƙora 60 yana juyawa sau 4,000 a minti, haƙora 4,000 ne ke wucewa a kowane sakan ɗaya. Lafiyayyen mutum yana bukatar kusan rubu'in sakan kafin ya ga hatsari ya janye hannunsa. Cikin wannan ɗan lokaci haƙora 1,000 sun riga sun wuce. Ke nan babu wanda zafin namansa zai cece shi. Abin da ke ceton hannu shi ne kada ya je wurin tun da fari.

Akwai abu na biyu da ya kamata a gane. Haƙoran da ke ƙasa suna tura katako baya zuwa shinge, na bayan faifan kuma suna tashi sama. Idan katako ya jingina sosai da shinge, wannan turi ƙara danne shi yake yi. Idan kuwa akwai rata, faifan yakan fizge katakon farat ɗaya, ya ja hannun da ke riƙe da shi. Guntun da aka yanke kuma, in ya taɓa haƙoran baya, sai su cilla shi kamar dutsen majajjawa. Kusan dukan ƙa'idodin da ke biye daga waɗannan abubuwa biyu suka fito.

Abubuwa huɗu da za a duba kafin a kunna

Na farko, mai aikin kansa. Babbar riga, da riga mai sakakken hannu, da gyale, da sarƙa ko igiyar da ke lilo a wuya, duk faifai yana iya kama su. A naɗe hannun riga, 'yan'uwa mata kuma su ɗaure ɗankwali da gashi a baya sosai. Kada a sa safar hannu lokacin yanka da zarto ko huda, domin in haƙori ya kama zaren safa, hannun zai bi shi. Amfaninta a wajen ɗaukar katako ne da canza faifai. A sa takalmi mai rufe ƙafa maimakon silifa. Tabarau na kariya dole ne ga mai yanka da mai taimaka masa. Tabarau na rana ko na karatu yakan fashe, ya ƙara ɓarna. Wanda ya sha burkutu ko giya, ko tiramol, ko maganin mura mai sa barci, kada ya taɓa inji a ranar. Haka ma wanda ya kwana a gidan makoki ko a addu'ar dare bai runtsa ba.

Na biyu, injin. A cire fulogi daga soket tukuna, in mai batir ne a cire batir ɗin. Kashe makunni kaɗai bai isa ba. Sa'an nan a duba faifai. In ya tsage, ko ya lanƙwashe, ko haƙora sun karye, a canza shi. A tabbata kibiyar da aka zana a jikin faifai tana nuna inda kibiyar jikin inji ke nunawa, kuma an ɗaure shi tam. Faifan da ya dakushe ya fi mai kaifi hatsari, gama yana sa mutum ya danna da ƙarfi, katako ya ƙone, inji ya cije. Tun dā Mai-Wa'azi 10:10 ya yi irin wannan gargaɗi game da dakusasshen ƙarfe. A ɗaga kan injin a sauke shi da hannu, a ga ko murfin yana buɗewa yana rufewa ba maƙalewa. A ɗaure injin da noti a kan tebur mai ƙarfi, kada a ɗora shi a kan bencin majami'a mai girgiza.

Na uku, katakon. A wuraren da ake sake gini akan tsinto katako daga tsohon rufi. Wannan tanadi ne mai kyau, amma sai a bi shi a hankali a cire kowace ƙusa, a kuma goge ƙasa da siminti. Ƙusa ɗaya tana iya ɓalle haƙorin faifai ta harba shi a fuskar mutum. Zarton kwana na katako ne. Ba a yankan rodi, ko bututun ƙarfe, ko kwanon rufi da shi.

Na huɗu, wurin aikin. Haske ya wadata. A share guntaye da ƙurar katako daga ƙasa da kan tebur. A ja igiya ko a zana layi a ƙasa, kamar taku 4 ko 5 kewaye da inji, wanda yara da 'yan kallo ba za su ƙetare ba. Kada kowa ya yi wa mai yanka magana ko ya dafa shi sai faifai ya tsaya.

Lokacin yanka

1. A jingina katako da shinge, ya kuma kwanta a kan tebur ba rata. In lanƙwasasshe ne, a juya tudun lanƙwasar wajen shinge, domin daidai wurin da za a yanka ya taɓa shingen.

2. A matse katako da ƙarfen matsi duk lokacin da zai yiwu. Littattafan da ke zuwa tare da injinan suna cewa hannu ya nisanci faifai da aƙalla santimita 10, wasu kuma 15. Mu ɗauki 15, wato kusan tsawon biro. Guntun da ba za a iya riƙewa da wannan nisa ba, ko a matse shi, a kai shi ga zarton hannu.

3. Kada a gicciye hannuwa, wato hannun hagu ya riƙe katako a dama da faifai, ko na dama a hagu. Yin haka yana sa damtse a kan hanyar faifai.

4. A tsaya a ɗan gefe, kada fuska ta kasance daidai layin faifai.

5. A kunna, a jira faifai ya kai cikakken gudunsa, sa'an nan a sauke shi sannu a hankali. Ƙarar injin za ta faɗa maka in kana matsa masa.

6. In zarto mai zamewa ne, a jawo kansa gaba yana sama, a kunna, a sauke, sa'an nan a tura shi baya zuwa shinge. Kada a yanka ana jawowa, domin faifan zai hau kan katako ya taso wa mai aiki.

7. Bayan an gama yanka, a saki makunni, a riƙe kan injin a ƙasa har faifai ya tsaya cik, sa'an nan a ɗaga. Kada a miƙa hannu bayan shinge ko kusa da faifai don share guntaye yana juyawa.

8. A yanka katako ɗaya ɗaya. Dogon katako a tallafe ƙarshensa da wani tebur mai tsayi daidai da na injin. Kada a sa yaro ko wani mutum ya riƙe ƙarshen, gama in ya motsa kaɗan katako zai matse faifai.

9. Abu mai zagaye, kamar sanda ko gora, yakan mirgina a ƙarƙashin haƙora. Ba a yanka shi sai an matse shi.

10. In faifai ya cije a cikin katako, a saki makunni, a jira ya tsaya, a cire fulogi, sa'an nan a zare katakon.

Maganar murfin kariya

Mun sani kafintoci da yawa suna cire murfin kariya, ko su ɗaure shi sama da waya ko roba. Sukan ce yana hana su ganin layin fensir, ko kuma ƙura ta sa yana maƙalewa. Duka biyun suna da magani. Game da layi, a sauke faifai yana kashe har haƙori ya taɓa alamar, a daidaita, a matse katako, a ɗaga, sa'an nan a kunna. Game da maƙalewa, a cire fulogi a goge ƙurar da buroshi. In sifirin ɗinsa ya karye a nemi wani, injin kuma ya huta har a gyara. Faifai yana ci gaba da juyawa na ɗan lokaci bayan an saki makunni, ƙararsa ta ragu, kuma a daidai wannan lokaci ne mutum ke miƙa hannu ya ɗauki katako. Domin irin wannan lokaci aka yi murfin.

A Kubawar Shari'a 22:8 an umarci Isra'ilawa su yi wa rufin sabon gida ɗan bango kewaye, saboda wanda zai iya faɗowa. Mai gida yana iya cewa shi ya saba da rufinsa, ba zai faɗo ba. Amma dokar ta tuna da baƙo da yaro. Murfin inji shi ne wannan bango a wurin aikinmu. Ogan da ya cire shi yana iya yin shekaru bai ji rauni ba, amma yaron da ke koyo a hannunsa da wannan injin zai fara aiki.

Sauran injina

Injin gurza da yankan ƙarfe, wanda masu walda ke kira giranda, ya fi zarto gudu. Ƙaraminsa mai faifan milimita 115 yana juyawa wajen sau 11,000 a minti, babban mai 230 kuma wajen 6,500. Kowane faifai an rubuta iyakar gudunsa a jikinsa. Idan aka cire murfi aka sa babban faifai a ƙaramin inji, faifan yana iya tarwatsewa. Faifan yanka yana da ranar lalacewa, akan buga ta a zoben ƙarfen da ke tsakiya. Danshi da faɗuwa ƙasa su ma suna raunana shi. Kada a gurza abu da gefen siririn faifan yanka. Mafi muni duka shi ne a sa faifan zarto mai haƙora a giranda domin yankan katako ko sassaƙa. Haƙoran sukan cije, injin ya yi tsalle zuwa hannu, ko cinya, ko fuska. A riƙe giranda da hannu biyu, a juya tartsatsinsa nesa da jinka, tarin kara, busasshiyar ciyawa da galan ɗin fetur, musamman da hunturu.

Zarton lantarki na hannu, wanda ake turawa a kan katako, hatsarinsa shi ne komowa baya da ƙarfi idan katako ya matse faifai. A daidaita zurfinsa yadda abin da zai leƙo a ƙarƙashin katako ba zai kai tsawon haƙori ɗaya ba. A tallafe katako yadda guntun zai faɗi da kansa, yankan ya riƙa buɗewa maimakon rufewa. Kada a ɗora katako a kan cinya, kada kuma a tsaya daidai bayan faifai.

Injin huda kamar ba shi da faɗa, amma in bakinsa ya cije a ƙarfe, ko dai ƙarfen ya juya kamar wuƙa, ko injin ya murɗe wuyan hannu. A matse abin da za a huda, a zare makullin ɗaure baki kafin a kunna, a kuma san inda wayoyin wuta suka bi kafin a huda bango. Wanda zai hau rufi da inji, a riƙe masa tsani.

Wuta da janareta

Wutar ƙasarmu mai ƙarfin 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Kafin a jona injin da aka samu kyauta ko na gwanjo, a karanta rubutun da ke jikinsa. In an rubuta 110V ko 120V, yana bukatar taransifoma mai rage wuta, in ba haka ba zai ƙone.

Kada a cusa tsirarar waya cikin soket a tokare ta da tsinken ashana. Fulogi abu ne mai araha. Wayar da ta ƙuje a canza ta, naɗa mata leda ba gyara ba ne. Idan wayar inji tana da zare uku a ciki, na ukun shi ne ke kai wuta ƙasa in ta ɓalle ta shiga jikin inji, don haka kada a yanke shi. Injin da aka zana wa alamar ƙaramin akwati cikin babban akwati an yi masa rufi biyu, shi zare biyu sun ishe shi. Siririyar wayar ƙari ta fitila ba ta ɗaukar zarto. A nemi mai kauri, a kuma warware ta duka daga naɗi don kada ta yi zafi. Kada a yi aiki cikin ruwan sama, ko a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ko ba takalmi. Fiyus waya yake kārewa daga ƙonewa. Abin da ke kāre mutum wata ƙaramar na'ura ce da ake rubuta RCD da 30mA a jikinta, wadda ke katse wuta nan take idan ta fara bin jikin mutum. A sa mai gyaran wuta wanda ya san aikinsa ya haɗa ta ya kuma gwada ta.

Idan aka ɗauke wuta ko janareta ya mutu ana cikin aiki, abu na farko a kashe makunni a cire fulogi. Giranda da injin huda da yawa suna da makunnin da ke kullewa a kunne. In aka ajiye su haka, sa'ad da wuta ta dawo za su tashi da kansu a kan tebur ko a ƙasa, wataƙila da yaro a kusa.

Zarton kwana yakan ci wat 1,500 zuwa 1,800, a lokacin tashi kuma yana jan ninki biyu ko uku na wannan. Ƙaramin janaretan gida na wat 650 zuwa 950 ba zai ɗauke shi ba. Janaretan da ya yi wa inji kaɗan yana sa faifai ya rage gudu a tsakiyar katako ya cije. Hayaƙin janareta kuma yana ɗauke da iskar guba mai suna kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari. A ajiye shi a waje, mita 6 ko fiye daga ƙofa da taga. Ko ana ruwa kada a shigar da shi majami'a ko shago. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya su ne alamun farko. A kashe shi ya huce kafin a zuba fetur.

Raunin da ba ya zub da jini

Yanka nan take ake ganinsa. Ƙura da ƙara kuwa a hankali suke cin mutum, sai bayan shekaru a gane. A shekarar 1995 hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, musamman na cikin hanci. Ƙurar katakon iroko da obeche an san ta da jawo asma, ta iroko kuma tana sa ƙaiƙayin fata. Allon MDF yana fitar da ƙura mai laushi ƙwarai haɗe da gam ɗin da aka manne shi da shi. A yi yanka a rumfa mai iska, iskar tana kwashe ƙurar daga fuskar mai aiki. A sa takunkumi mai lamba N95 ko FFP2 wanda ya zauna sosai a hanci. Hankici ba ya tare ƙura mai laushi. A yayyafa ruwa kaɗan kafin a yi shara.

Ana auna ƙara da desibel. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa iyaka a desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. A desibel 100 minti 15 kawai ya rage a yini. Zarto da giranda suna kaiwa wajen nan sa'ad da suke cikin yanka. Idan sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji, ko kunnenka yana kuka da dare, ƙarar ta yi yawa. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Abin toshe kunne na soso yana da araha, auduga kuwa ba ta tare ƙara yadda ya kamata.

Idan hatsari ya faru

A fara kashe inji. Idan yanka ne, a danna wurin da ƙarfi da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama, a ci gaba da dannawa ba ɗagawa ana leƙe. In tsumman ya jiƙe a ɗora wani a kansa. Kada a zuba fetur, baƙin mai, ruwan batir, toka, ƙasa ko kashin shanu. Waɗannan suna ƙone nama, wasu kuma suna kawo tetanos, ciwon da ke sandarar da jiki ya kulle haƙora. Idan jini yana tsartuwa daga hannu ko ƙafa kuma dannawa ta kāsa tsayar da shi, a ɗaure da ƙyalle mai faɗi santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gaɓa ba, a murɗa da sanda har jini ya tsaya. A rubuta lokacin, kada a kwance sai a asibiti. Ba a ɗauri da waya ko siririyar igiya.

Idan yatsa ya cire, a naɗe shi cikin tsumma mai tsabta mai ɗan danshi, a sa a leda a ɗaure bakinta, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara ko ruwa mai sanyi. Kada naman ya taɓa ƙanƙara kai tsaye. Ba kowane asibiti ke iya mayar da yatsa ba, amma a tafi da shi likita ya gani. Kada a ba majinyacin abinci, gama wataƙila za a yi masa aiki. A kuma tambayi allurar tetanos.

Idan ƙura ta shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta mai yawa, kada a murza. Idan ƙarfe ko tsinke ya kafe a ido, kada a yi ƙoƙarin cire shi da harshe ko tsinken ashana. A kife ƙaramin kofi mai tsabta a kan idon, a ɗaure shi ba dannawa, a tafi.

Idan wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi da hannu. A kashe janareta ko a zare fulogi, ko a ture wayar da busasshen katako. In ba ya numfashi, a danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti har taimako ya zo. Ko ya farfaɗo a kai shi asibiti.

A je asibiti mafi kusa tukuna. Su ne za su tura gaba in da bukata, zuwa manyan wurare irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, Asibitin Ido na ECWA a Kano, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Hakkin ikkilisiya

Sa'ad da ɗan'uwa ya ba da ƙarfinsa kyauta a aikin gayya na majami'a, lafiyarsa amana ce a hannun dattawa. Ga shawarwarinmu.

A naɗa mutum ɗaya wanda ya iya, ya riƙe makullin injinan. Shi zai duba su kafin a fita da su da kuma bayan an dawo da su, ya rubuta sunan wanda ya karɓa. Kada a ba wanda ba a koya masa ba, ko da ɗan dattijo ne, ko shi ya ba da kuɗin sayen injin.

A sa kuɗin tabarau, takunkumi, abin toshe kunne, sabon faifai da akwatin taimakon farko cikin kasafin gini tun daga farko, tare da siminti da kwano. A san asibitin da za a je, da mai mashin ko motar da za a kira, kafin a fara aiki. Kada mutum ya yi aiki da inji shi kaɗai a wurin.

A kula da yara. Yarjejeniya ta 182 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1999, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2002, ta hana sa waɗanda ba su kai shekara 18 ba aikin da zai cutar da lafiyarsu. Yaro yana da abin koyo da yawa kafin ya kai ga inji: awo, zana layi, zarton hannu, haɗa katako. Zarton lantarki da giranda su jira shi.

A kuma yi hattara da gaggawa. Sau da yawa mu ne muke matsa wa kafinta, domin an riga an sa ranar keɓe majami'a, ko Kirsimeti ta matso, ko hadari ya fara haɗuwa. Sai a ga ana yanka da magariba da hasken tocila, mutane sun gaji. Sauri ya haifi nawa. Gara a ɗaga ranar biki da mako biyu da a yi shi ɗan'uwa yana kwance a asibiti.

Tun shekarar 2003 ake kiyaye ranar 28 ga Afrilu a matsayin ranar lafiya da kariya a wurin aiki a duniya. Tana zuwa daidai lokacin da ake rige-rigen gama rufi kafin damina. Ikkilisiya tana iya ɗaukar Lahadin da ke kusa da ita ta yi addu'a domin masu aikin hannu, bayan sujada kuma a fito da injinan a duba su a gaban matasa.

Markus 6:3 ya nuna mana cewa mutanen garinsu sun san Ubangijinmu Yesu da sana'ar sassaƙa. Aikin hannu abu ne mai daraja, hannun da ke yinsa kuma kyauta ce daga Allah. Muna addu'a Ubangiji ya tsare mu, mu kuma mu yi namu, mu bar murfi a wurinsa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne injina ne ake aiki da su a ikkilisiyarmu ko a ƙauyenmu? Wane ne ke lura da su?

2. Akwai wanda aka cire wa murfi, ko wanda wayarsa ta ƙuje? Wa zai gyara shi, kuma yaushe?

3. Idan wani ya ji mummunan rauni yau, ina za mu kai shi, da wane abin hawa, cikin minti nawa?

4. Ta yaya yaro mai koyo zai faɗa wa ogansa cewa inji ba lafiya ba tare da an ɗauka rashin kunya ba ne? Yaya dattawa za su taimaka?